Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu: Raddi ga Masu Auna Kwamfuta da Sauri Kaɗai

Gabatarwa

Wata al'ada ta yi kanta a rubuce-rubucen Hausa game da fasahar zamani, da shirye-shiryen rediyo, da bakin 'yan kasuwa: da zarar an tabo maganar kwamfuta, tambayar farko ita ce wacce ta fi sauri. Ana kawo labarin gasar da ke tsakanin kamfanonin Intel da AMD a gefe guda, da Apple da Qualcomm da sauran masu aiki da zanen ARM a ɗaya gefen, tamkar labarin dambe, a ce wane ya kayar da wane, 'yan kallo su yi sowa, kowa ya watse. Wannan maƙala raddi ce ga wannan al'ada. Hujjarta ita ce, ga mazaunin unguwar Zongo ta birnin Wagadugu, da duk wanda halin wutarsa ya yi kama da nasa a Maraɗi ko Katsina ko Sakkwato, ma'aunin kwamfuta na farko shi ne yawan aikin da take yi da kowane wat na lantarki. Su kansu kamfanonin sun daɗe da komawa ga wannan ma'auni. Mai saye na wannan yanki ne kaɗai aka bari a baya yana ƙirga gigahaz.

Tsayar da Kalmomi

Abin da ake gasa a kansa wani ɗan falle ne da bai wuce faɗin farce ba, wanda ke zaune a cikin kowace waya da kwamfuta, yana karɓar umarni yana zartarwa. A nan za a kira shi masarrafi, jam'insa masarrafai. Ƙirar kalmar ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin Hausa: ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i su ne suka samar da mabuɗi daga buɗe, da ma'auni daga auna, da magirbi daga girbe. Babbar kwamfutar da ke zaune a cibiya tana yi wa dubban wasu hidima ita ce uwar garke, kamar yadda marubutan fasaha na Hausa suka saba kiranta. Wadda ake riƙewa a hannu ana shafa fuskarta, a kira ta kwamfutar allo. Wat kuwa shi ne mudun da ake auna shan wutar kowace na'ura da shi, daga ƙwan fitila har zuwa injin niƙa.

Zongo da Halin Wutarta

Zongo tana yammacin Wagadugu, kuma tana cikin unguwannin da suka tashi ba tare da hukuma ta yi awon filaye ba, irin waɗanda ake kira non loti da Faransanci. A irin waɗannan unguwanni, gidaje da yawa ba su da layin SONABEL, wato kamfanin wutar lantarki na ƙasar. Abin dogaro shi ne farantin sola a kan rufi da batir a ƙuryar ɗaki. Waɗanda ke cikin gari masu layi kuwa sun san yankewar wuta a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma sun san mitar Cash Power da ake zuba wa kuɗi tun kafin a sha wutar. Burkina Faso tana sayo wani kaso mai yawa na wutarta daga Gana da Kodebuwa. Abin lura kuma shi ne, ba nisa da Zongo, a Zagtouli, akwai tashar sola mai ƙarfin megawat 33 da aka buɗe a watan Nuwamba na 2017. Tasha tana maƙwabtaka, amma gida yana lissafin ko batir zai kai asuba.

Duk mai jin Hausa da ya ji sunan unguwar zai tuna da zango. Tsohon zangon Hausawa na birnin shi ne Zangouettin, a tsakiyar gari, wanda aka tasa a 2003 saboda shirin gine-ginen kasuwanci na ZACA. Fataken da suka kafa irin waɗannan zanguna a kan hanyar Kano zuwa Gwanja sun bar darasin da ya dace da wannan magana. Sun san doki, sun san gudunsa da kwarjininsa, amma da jakuna suka yi fataucin goro, kuma jakunan ƙasar Mosi sun yi suna a wannan hanya. Doki yana son dawa da ruwa da mai kula da shi, jaki kuwa ya ci abin da ya samu a bakin hanya ya wayi gari da kaya a bayansa. Madugun da ya auna dabba da gudu kaɗai ba zai kai ayari Salaga ba. Jikokinsa ne yau ake sayar wa doki, alhali ba su da dawar ba shi.

Dalilin da Ya Sa Sauri Ke da Tsada

A cikin masarrafi akwai miliyoyi, a na zamani ma biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira taransista. Duk lokacin da ɗaya ya kunnu ko ya mutu, sai ya sha ɗan abin da ya sha na wuta. Idan ana son su riƙa kunnuwa da sauri, dole a ƙara ƙarfin turin wutar, wato bolt, kuma shan wuta yana hauhawa ne da ninkin wannan ƙarfi a kan kansa: a ninka bolt sau 2, shan wuta ya ninku sau 4, tun ba a sa ƙarin saurin a lissafi ba. Ke nan ƙarshen sauri shi ne mafi tsada, kamar yadda sukuwa ta fi cin doki a kan tafiyar takama.

Bugu da ƙari, duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Na'ura mai shan wat 150 murhu ce mai wat 150 a cikin ɗaki. Don kada ta ƙone, sai a sa mata fanka, fankar ta ƙara shan wuta, ta kuma riƙa zuƙo ƙurar hunturu tana cusa wa cikin na'urar har iska ta daina wucewa. Duk mai gyaran kwamfuta a yankin Sahel ya san abin da yake tararwa idan ya kwance ta. Wannan ba sharrin wani kamfani ba ne, dokar halitta ce. Laifin yana kan wanda ya san dokar ya ɓoye ta ga mai saye.

Yadda Gasar Ta Juya

Kamfanin Intel na Amurka, wanda aka kafa a 1968, ya mamaye kasuwar kwamfuta tun da IBM ya sa masarrafinsa a kwamfutar da ya fitar a 1981. Shekaru sama da 20 tallarsa ɗaya ce: na bana ya fi na bara sauri. A 2004 hanyar ta toshe. Wasu nau'o'in Pentium 4 sun haura wat 100, zafi ya yi yawa, har kamfanin ya soke wanda ya yi alkawarin zai kai gigahaz 4.

A can Ingila kuwa, a birnin Kambirij, wani ƙaramin kamfani mai suna Acorn ya kunna masarrafinsa na farko a watan Afrilu na 1985. Sophie Wilson da Steve Furber ne suka jagoranci zana shi, da taransista kusan 25,000 kacal, kuma shan wutarsa bai kai wat 1 ba. Daga nan aka kafa kamfanin ARM a 1990, da hannun Acorn da Apple da VLSI. Shekaru da dama ARM bai ƙera masarrafi ko ɗaya ba. Zane yake yi, ya ba da lasisi, wasu su ƙera. Da wayar salula ta zo, inda batir ne sarki, sai kasuwa ta faɗo hannunsa. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika aljihunan Wagadugu da Kano, akasarinsu masarrafan MediaTek ko Unisoc ne a cikinsu, kuma dukkansu zanen ARM ne.

Intel ya taɓa mallakar irin wannan masarrafi mai suna XScale, amma ya sayar da sashen ga Marvell a 2006 a kan dala miliyan 600. Shugabansa na lokacin, Paul Otellini, ya bayyana a 2013 cewa an nemi kamfanin ya ƙera masarrafin iPhone na farko, bai karɓa ba saboda farashin bai yi masa ba. Da ya farga, sai ya fito da Atom a 2008, ya kuma riƙa tallafa wa masu ƙera kwamfutar allo da kuɗi don su sa shi. A 2014 kaɗai, sashensa na wayoyi da kwamfutocin allo ya yi asarar sama da dala biliyan 4, kuma a 2016 ya janye daga fagen waya.

Daga aljihu gasar ta haura zuwa uwar garke. Yunƙurin farko bai yi nasara ba, domin kamfanin Calxeda da ya fara gwadawa ya rufe a ƙarshen 2013. Amma a 2018 Amazon ya fito da nasa masarrafin Graviton don cibiyoyinsa, kuma a watan Yuni na 2020 gagarumar kwamfutar Fugaku ta Japan, mai aiki da zanen ARM, ta zama ta ɗaya a duniya. A watan Nuwamba na shekarar Apple ya fito da M1, ya sa shi a MacBook Air da ba ta da fanka ko ɗaya. A 2024 kwamfutocin Windows masu Snapdragon X na Qualcomm suka shigo kasuwa.

Cikin abubuwan da suka kai Amazon ga wannan shawara akwai kuɗin wuta da kuɗin sanyaya ɗakuna. Idan attajirin da ke da tashoshin lantarki a ƙofar gidansa yana ƙirga wat, mene ne uzurin mai batir ɗaya?

Lissafin da Ba a Yi wa Mai Saye

A ɗauki batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin wanda aka saba gani a gidajen da ke da sola. A takarda yana ɗauke da abin da zai ba da wat 1,200 na tsawon awa 1, amma batirin dalma ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, don haka abin amfani 600 ne. A ɗauka tsohuwar kwamfutar tebur tare da allonta tana shan wat 150. Awa 4 ke nan, batir ya kwanta. A ɗauka kuma ƙaramar na'ura mai sanyin masarrafi tare da allonta tana shan wat 25. Awa 24 ke nan. Ɗalibin da ke buga kundin digirinsa da dare shi ya san bambancin awa 4 da awa 24.

A faɗaɗa lissafin zuwa ɗakin koyon kwamfuta mai na'ura 20. Na farko yana bukatar wat 3,000, abin da ke nufin janareta da mai da hayaƙi da ƙara, sannan ɗaki ya zama tanda. Na biyu yana bukatar wat 500, abin da farantan sola kaɗan za su ɗauka da rana. Ita kanta tashar Zagtouli, idan rana ta take, megawat 33 ɗinta zai kunna irin ta farko 220,000, ko irin ta biyu 1,320,000.

Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, amma ba a jin sa a bakin mai shago. Abin da ake ji shi ne i5 da i7, kamar lambar ce ke aikin. Ba a faɗa wa mai saye cewa sunan i7 yana kan masarrafai tun 2008, kuma na farkonsu na tebur an ƙayyade masa wat 130. Kayan da ake kira France au revoir a Wagadugu, ko 'yan Baljiyam a Nijeriya, an yi ritayarsu ne a ofisoshin Turai, aka loda a kwantena. Hasali ma kwararar za ta ƙaru, domin Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kulawarsa ta yau da kullum ga Windows 10, kuma Windows 11 ba ta karɓar akasarin masarrafan Intel da suka girmi zubi na 8, wanda ya fara fita a 2017. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda tulin da aka sauke zai nufa. Haka nan mai kyautar da ya aiko wa makaranta tsofaffin kwamfutoci 20 ba tare da tambayar wutar da za ta ɗauke su ba, takardar bashi ya aiko da sunan sadaka.

An Taɓa Gani a Abuja

Wannan yanki ya taɓa zama fagen irin wannan gasa. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya shelanta shirin OLPC, na samar wa kowane yaro kwamfutar dala 100. An ƙera XO-1 da masarrafin Geode na AMD, da niyyar ta sha wat kaɗan, a kuma iya karanta allonta a cikin rana. A 2007 aka gwada ta a makarantar firamare ta Galadima a Abuja, yayin da Intel ya kai tasa mai suna Classmate wata sakandare a Jabi. Intel ya shiga shirin OLPC a tsakiyar 2007, ya fice a watan Janairu na 2008 bayan taƙaddama. Maganar da aka yi ta yi cewa Nijeriya za ta sayi miliyan 1 ba ta tabbata ba. Daga baya OLPC ya koma ga masarrafin ARM na Marvell don ƙara rage shan wuta. Darasin a fili yake: kamfani yana neman kasuwa ne, kuma idan mai saye bai zo da ma'auninsa ba, da mudun mai sayarwa za a auna masa.

Hujjojin Masu Musu

Masu kare tsohuwar na'ura suna da hujjoji uku, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce araha. Gaskiya ne kuɗin saye ya fi sauƙi, amma kuɗin saye sau ɗaya ake biya, kuɗin wuta kuwa kullum. Wanda ya sayi na'urar da za ta tilasta masa ƙara batir da farantin sola, ko ta riƙa cinye kuɗin mita, bai sayi araha ba, ya dai jinkirta biya.

Ta biyu ita ce gyara, kuma ita ce mafi ƙarfi. Tsohuwar kwamfuta ana kwance ta da sukudireba, a canza mata ma'adana ko batir, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Da yawa daga cikin sababbin masu sanyi an liƙe komai nasu a kan allo ɗaya, idan abu guda ya mutu duka ta mutu. Wannan aibi ne na gaske, kuma ya isa ya hana a yi wa Apple ko Qualcomm kirari. Amsarsa ita ce mai saye ya haɗa tambayoyi biyu, ta wat da ta gyara. Akwai na'urorin da suka amsa duka biyun. Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012 a kan dala 35, katin ma'adanarta ana zare shi da yatsa, kuma nau'inta na 4 cajar wat 15 ke ɗaukarsa.

Ta uku ita ce manhaja. Shirye-shiryen da aka rubuta wa masarrafan Intel ba duka ne ke gudana a kan ARM ba, kuma Microsoft ya ɗanɗana wannan a 2013, lokacin da ya yi asarar dala miliyan 900 a kan Surface RT. To, amma gasar ta riga ta warware rabin matsalar, domin matsin lambar ARM ya sa Intel da AMD sun sauko. Masarrafin N100 da Intel ya fitar a 2023 an ƙayyade masa wat 6, kuma yana ɗaukar Windows da duk manhajojinta. Wannan ma ya nuna cewa maganar ba ta goyon bayan wani kamfani ba ce. Sunan da ke kan kwali ba ya kunna fitila.

Saura hujja ta huɗu da ba a furtawa, wato ado. Ana son a ce wane yana da i7. Amma me ɗalibin Hausa ke yi da kwamfuta? Yana buga rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ, yana karanta kundaye, yana duba ƙamusun Bargery na 1934 a intanet, yana sauraren hirar da ya naɗo daga bakin tsofaffi yana rubutawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin wayar da ke aljihunsa. Mai haɗa fim ko zanen gini yana da uzurin neman doki. Mai ɗaukar goro ba shi da shi.

Nauyin da Ke Kan Ɗalibin Hausa

Ɗaliban Hausa na yau su ne masu fassarar labarai da masu gabatar da shirye-shirye da marubutan talla na gobe, kuma ta bakinsu jama'a za su san wannan fanni. Mai fassarar da ya ɗauko sharhin da aka rubuta wa mazaunin Landan, wanda bai taɓa tunanin yankewar wuta ba, ya juya shi kalma da kalma, ya fassara harshe amma ya bar mai karatu a baya. Fassara tagari tana tambayar abin da mai karatunta ke bukatar sani. A nan abubuwa uku ne: wat nawa na'urar ke sha, awa nawa batirinta ke yi a zafin Afrilu, kuma wa zai gyara ta idan ta lalace.

Sanin amsar ta farko ba wuya. A jikin kowace caja an rubuta bolt da amfiya, idan aka ninka su sai a sami iyakar wat ɗin da za ta iya bayarwa: bolt 19.5 sau amfiya 3.33 ya ba da kusan 65, bolt 5 sau amfiya 3 ya ba da 15. Wannan iyaka ce, ba abin da ake sha kowane lokaci ba, amma ta isa ta raba doki da jaki. Akwai kuma ɗan ma'aunin da ake sokawa a soket ya nuna ainihin abin da ake sha. Makarantar da za ta karɓi kyauta, ko ƙungiyar da za ta buɗe ɗakin koyo, ya kamata ta gwada kafin ta yi godiya, domin ba a cinikin biri a sama.

Kammalawa

Gasar ba ta ƙare ba. Zanen RISC-V, wanda aka faro a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, kowa na iya amfani da shi ba tare da biyan lasisi ba, kuma yana matsa wa ARM kamar yadda ARM ya matsa wa Intel. Ko wane ne ya yi rinjaye, masarrafai suna ƙara sanyi, kuma babu wanda wannan ya fi amfana kamar mai zaune a inda wuta ke da tsada. Sai dai amfanin ba zai iso Zongo da kansa ba, matuƙar kwantenoni na kawo abin da aka yar, mai shago na kiran lamba, marubuci kuma na yi masa amshi. Ranar da mai saye ya shiga shago ya fara da tambayar wat nawa take sha, ranar ce mai shigo da kaya zai fara yi wa dillalinsa na ƙetare irin wannan tambaya.